Gyaran Ƙafar Mota Mai Gudu a Hanyoyin Zamfara

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar nan da ta taso daga Funtuwa, ta ratsa Tsafe, ta wuce gindin dutsen Kwatarkwashi ta shiga Gusau, sa'an nan ta fita ta Bunguɗu ta nufi Sakkwato, ya san cewa samarinmu masu sha'awar mota mai gudu, ko Golf ce ko Honda ko tsohuwar BMW, galibin hirarsu a kan inji take, alhali kuwa abin da ke riƙe da ransu a kan kwalta yana can ƙarƙashi, inda ido bai cika kaiwa ba. Shi ne abin da makanikai ke kira ƙafar mota, watau sifirin da shokabzoba da bushin da boljoyin da tayarod, da sauran ƙarafan da suka haɗa taya da gangar jiki.

Hikimar abin ga yadda take. Sifirin shi ke ɗauke da nauyi, amma da za a bar shi shi kaɗai, da mota ta faɗa rami sai ta yi ta tsalle ba ƙaƙƙautawa. Saboda haka aka haɗa shi da shokabzoba, wanda bututu ne cike da mai, da sanda mai kai da kawowa a ciki tana tura man ta waɗansu 'yan ƙananan kafofi, ƙuncin kafofin nan kuwa shi ke kashe tsallen tun bai yi nisa ba. Muddin wannan aiki na tafiya daidai, taya tana manne da ƙasa, kuma sai taya ta manne sitiyari ke jin magana, birki ke kamawa. Bushin kuma roba ce da ake sawa a mahaɗar ƙarafa don ta shanye girgiza, ita ce kuwa zafin bazara da ƙurar hunturu suka fi saurin busarwa har ta tsattsage.

Alamomin gajiya ba su ɓuya ga mai lura. In ka taka birki gaban mota ya dunƙufa, in ka sha kwana ta kwanta gefe, in ta riƙa ƙwanƙwasa a kan gargada, ko ka ga mai ya jiƙa jikin shokabzoba, ko taya ta ci gefe guda ta bar gefe, to, lokaci ya yi. Tsohon gwajin makanikai ma yana nan: a danna kusurwar mota da ƙarfi a saki, in ta taso ta tsaya, da sauran ƙarfi, in ta ci gaba da lilo, shokabzoba ya gama aiki.

To, a nan ne mas'alar take. Samari suna gani a waya yadda Turawa ke gyara irin waɗannan motoci, su gajarta sifirin har mota ta kusa shafar ƙasa, su sa shokabzoba mai tauri da manyan rim da taya marar kauri, kuma lalle suna da hujja, domin mota in ta yi ƙasa ba ta cika kwanciya a kwana ba. Amma hujjar tasu ta tsayu ne a kan titi mai sumul irin na Jamus, inda aka fito da Golf GTI a 1976. Wanda ya kwaikwayi wannan a tsakanin Gusau da Tsafe, inda damina guda ke iya haƙa ramuka a inda babu su bara, ga kuma tudun rage gudu a mashigar kusan kowane gari, zai tarar taya tana tashi sama a kan gargada maimakon ta bi ta, rim yana lanƙwashewa, kaskon man inji yana bugun ƙasa, har ya zama motar da aka kashe wa dukiya don ta ƙara biyayya ta koma ta fi da taurin kai. Mafi muni shi ne a yanka sifirin da wuta don neman araha, gama zafi yana kashe ƙarfin ƙarfen. A ganina wannan ya wuce almubazzaranci, ya kai ga ganganci da rai.

Tarihi ma ya ba da shaida. Peugeot 504, wadda aka fito da ita a Faransa a 1968, aka kuma riƙa haɗa ta a Kaduna bayan an buɗe masana'antar Peugeot a 1975, ita ce ta lashe tseren Safari na ƙasar Kenya a wannan shekara ta 1975, a kan hanyoyin laka da duwatsu. Abin da aka fi yabonta da shi kuwa shi ne doguwar ƙafa mai laushi, wadda ke bin rami ta fito taya ba ta rabu da ƙasa ba. Tsofaffin direbobin tashar Gusau ba su bukatar a gaya musu wannan.

Akwai kuma kishiyar kuskuren gajarta sifirin, wanda ya fi yawa ga masu Golf na haya, watau a cusa roba ko ƙarfe a ɗaga bayan mota don ta ɗauki buhunan hatsi ranar kasuwa. Mota in ta yi sama fiye da kima, nauyinta ya hau, sai ta riƙa rangaji in an kauce wa rami da gudu. Gudu kuwa, a halin rashin tsaron da ake ciki a hanyoyin nan, ba kowane direba ke yarda ya sassauta shi ba.

Ingantawa ta haƙiƙa, bilhasali, ita ce a mai da mota tsayinta na asali da kaya masu nagarta. Shokabzoba mai iskar gas, irin na KYB ko Monroe ko Bilstein, ya fi jure doguwar gargada, domin iskar da aka matse a ciki tana hana man yin kumfa in ya ɗau zafi. Sai dai jabu ya yi yawa, wajibi ne a saya wurin wanda aka amince da shi. Na Beljiyam da ake kawowa daga Ladipo ta Ikko ko Ƙofar Ruwa ta Kano yana da sauƙin kuɗi, amma ba mai iya gaya maka tafiyar da ya riga ya yi. Ko wanne aka zaɓa, a canza biyu tare, dama da hagu, domin sabo a gefe da tsoho a gefe ya kan sa mota ta karkata lokacin birki. Boljoyin kuwa ba a yi masa jinkiri, gama in ya tsinke ana cikin tafiya, taya ce ke kwantawa. Wani ɗan sirri kuma da ƙwararru suka sani: ba a ƙarasa ɗaure kusoshin bushin sai an sauke mota ta tsaya a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe, ta mutu da wuri.

Bayan duk wannan sai a kai ta a yi mata alaimen, a kuma duba lambobi huɗu da ke jikin taya, waɗanda biyun farko ke nuna mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Mai karatu, in kuɗin da ke hannunka ba zai isa rim da ƙafa gaba ɗaya ba, ka bar rim ɗin a shago, ka fara da boljoyin da shokabzoba.