Maƙwabtaka da Zaman Unguwa a Samaru da Sabon Garin Zariya

Gabatarwa

A cikin Birnin Zazzau, zaman unguwa ya ginu ne a kan asali da zuriya. Unguwanni irin su Juma da Kona sun shahara da gidajen malanta, inda mutum yakan tarar maƙwabcinsa ɗan'uwansa ne na jini ko surukinsa. A Samaru da Sabon Gari kuwa, mafi yawan mazauna zuwa suka yi. Wannan darasi zai duba al'adun da suke mayar da baƙo tamkar ɗan'uwa a waɗannan wurare.

Asalin Unguwannin

Sabon Gari ya kafu ne sakamakon isowar hanyar jirgin ƙasa Zariya a wajen 1911. Turawan mulkin mallaka suka keɓe shi domin ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda suka zo daga Kudu, kamar Yarabawa da Ibo. Daga baya Hausawa da sauran ƙabilun Arewa suka cika shi. Samaru kuwa ta bunƙasa ne da tashar binciken aikin gona da aka kafa a shekarun 1920, sannan da buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Malamai da ɗalibai da leburori suka buƙaci muhalli, sai gidajen haya suka yawaita a wurare irin su Hayin Dogo da Ɗanraka.

Al'adun Zaman Tare

Na farko shi ne gidan haya. A tsakar gida ɗaya akan sami iyalai da dama masu bambancin harshe da addini, suna tarayya a rijiya da makewayi, suna yin shara bi da bi. Hausa ce harshen da yake haɗa su, don haka yaran gidan sukan tashi da ita a baki ko da iyayensu ba Hausawa ba ne.

Na biyu ita ce majalisa. Magidanta da samari sukan zauna a dakali ko teburin mai shayi bayan la'asar ko isha'i. A nan ake jin wanda aka yi wa haihuwa ko rasuwa, a nan kuma ake shirya gayyar gyaran magudanar ruwa kafin damina.

Na uku ita ce ciyayya. Ranar Salla Musulmi yakan aika wa maƙwabcinsa Kirista da abinci da nama, shi ma ya rama da Kirsimeti. Haka kuma ranar suna ko biki, matan gida sukan taru su kama aiki, su kawo gudummawa.

Na huɗu shi ne adashi da bashin mai kanti. Mata sukan zuba kuɗi wurin uwar adashi, kowace ta kwasa idan zagayenta ya zo. Mai kantin unguwa kuma yakan ba ma'aikaci kaya a rubuta, sai ƙarshen wata ya biya. Jingina a nan ita ce amana da sanayya.

Idan saɓani ya taso, dattawan gida ne suke fara sasantawa. In ya gagara a kai ga mai unguwa, daga nan sai dagaci da hakimi.

Kwatanci da Wata Al'umma

Irin wannan zama ba a ƙasar Hausa kaɗai ake samun sa ba. A Jamhuriyar Dominika, wadda take tsibiri ɗaya da Haiti a yankin Karebiyan, kantin unguwa da suke kira "colmado" shi ne majalisarsu. A nan ake hira, a yi wasan domino, a karɓi kaya bashi. Suna da adashinsu mai suna "san". A makon Ista kuma sukan dafa wani kunun wake mai zaƙi da madara su raba wa maƙwabta. Wannan ya nuna cewa duk inda talaka yake, maƙwabci ne jarinsa na farko.

Ƙalubale

Rikice-rikicen 1987 da na bayan zaɓen 2011 sun taɓa Zariya, sun kuma sa wasu iyalai komawa unguwannin da masu addininsu suka fi yawa. Dogayen katangu da ƙofofin ƙarfe na sababbin gidaje su ma sun rage shiga da fita tsakanin maƙwabta. Idan yara suka daina cin abinci a kwano ɗaya, tsoron juna yakan sami wurin zama.

Kammalawa

An ga cewa a Samaru da Sabon Gari al'adun yau da kullum ne suka tsaya a matsayin dangantakar jini. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Wajibi ne ɗalibi, wanda gobe zai zama malami, ya san darajar waɗannan al'adu, ya kuma cusa su a zukatan yaran da zai koyar.

Auna Fahimta

1. Bayyana bambancin zaman unguwa a Birnin Zazzau da na Sabon Gari.
2. Kawo al'adu uku na maƙwabtaka a unguwarku, ka yi sharhi a kan amfaninsu.