Inuwar 21 ga Yuni

A birnin Sidni na ƙasar Ostireliya, mutum zai iya sayen fili, ya biya mai zanen gini, ya tara bulo da katako, amma inuwar gidan da bai ma gina ba ta tsayar masa da aiki. Wanda ya tashi yana neman gindin darbejiya da azahar zai yi mamaki: a can, inuwa ɓarna ce idan ta faɗa kan tagar maƙwabci.

Dokar tsara gine-gine da muhalli ta jihar New South Wales, wadda aka kafa a 1979, ba ta yi wa masu gini kuɗin goro ba. Manyan ayyuka irin su haƙar ma'adinai sai da cikakken rahoton tasiri kan muhalli, wanda kan kai ɗaruruwan shafuka. Mai ƙaramin gida kuwa taƙaitaccen bayani ake nema daga gare shi, ya haɗa da takardar neman izini zuwa ƙaramar hukuma: me ginin zai taɓa, ta yaya aka gano hakan, kuma wane mataki za a ɗauka. Ba dole sai ƙwararre ya rubuta ba, ƙananan hukumomi da dama ma suna da fom na ƙananan ayyuka.

Batun inuwa ne ya fi ɗaure wa baƙo kai. Ranar 21 ga Yuni ita ce tsakiyar hunturunsu, yini mafi gajarta a shekara. Rana tana karkata arewa, inuwa ta miƙe zuwa kudu iya tsawonta. Don haka mai zane zai fitar da hoton inda inuwar sabon gidan za ta kwanta a wannan rana da ƙarfe 9 na safe, da 12, da kuma 3 na yamma. Ƙananan hukumomi da yawa suna so falon maƙwabci da tsakar gidansa su sami hasken rana na awa 3, wasu kuma awa 2. In lissafi bai fita ba, sai a ja bene baya ko a rage tsayin rufi. Haka tagar da ke leƙa gidan wani: a ɗaga ta sama, ko a sa mata gilashi mai duhu.

Itace ma yana da hurumi. Ana auna faɗin kututturensa daidai ƙirjin mutum, a ninka sau 12. Itacen da faɗinsa ya kai rabin mita ke nan yana da da'irar mita 6 daga kututturensa ta kowane ɓangare da za a killace, ba a haƙa a cikinta sai da rahoton masanin itatuwa. Wannan awon kaɗai ya isa ya kawar da gareji daga inda aka so.

Sai ruwa. Bayanin zai nuna inda ruwan rufi zai bi, da shingen yadi da za a kafa lokacin aiki don kada laka ta gangara cikin kwalbati. Tun 2004 kuma sabon gida sai da takardar BASIX, wadda a Sidni ke neman a rage amfani da ruwan famfo da kashi 40 cikin 100, abin da ya sa tankin ruwan sama ya zama ruwan dare. Kusa da gaɓar teku akwai ƙasa mai sinadarin ƙarfe da farar wuta. Tana kwance lafiya muddin tana cikin ruwa, amma da an tono ta ta sha iska sai ta fitar da asid mai cin kankare da kashe kifi. A bakin daji kuwa akwai matakai 6 na haɗarin gobara, kowanne da irin kayan ginin da ya halatta. Bayan wutar dajin 2019 zuwa 2020, wadda ta cinye gidaje fiye da 2,000 a jihar, ba mai ɗaukar wannan shafi da wasa.

Inda masu rubuta wa kansu suka fi tuntuɓe shi ne cika kowane gurbi da "babu tasiri". Jami'in tsare-tsare yana da taswira a gabansa, maƙwabta kuma za a aika musu da wasiƙa, galibi a ba su kwana 14 su kawo ƙorafi. Gara mai gini ya faɗa da bakinsa cewa bangonsa ya matso iyaka fiye da ƙa'ida, ya kawo dalili, da a gano masa. In ba haka ba, takardar neman ƙarin bayani ce za ta biyo baya, makonni su yi ta tafiya. Wanda aka hana izini yana iya zuwa Kotun Filaye da Muhalli, wadda ke zama tun 1980.

Akwai hanyar yanke. Ƙaramin sashe a bayan gida, wanda suke kira ɗakin kaka, idan bai wuce murabba'in mita 60 ba, filin kuma ya kai murabba'in mita 450, ya cika sauran sharuɗɗa, mai duba gini mai lasisi zai iya sa masa hannu ba tare da wannan bayani ba.