Kadiri Ikhana, Malamin Ƙwallo

Daga Darmanawa har Gyadi-Gyadi, kowa ya san Kano Pillars. An kafa ta a 1990, amma ta shekara 18 ba ta zama zakaran Nijeriya ba.

Wanda ya fitar da ita kunya shi ne Kadiri Ikhana. Da can ɗan wasa ne. Yana cikin waɗanda suka ciyo wa Nijeriya Kofin Afirka a Ikko a 1980. Da ƙarfi ya ja baya bai zauna ba, sai ya shiga koya wa samari. A 2003 ya sa Enyimba ta Aba ta zama zakaran Afirka. A 2008 kuma Pillars ta zama zakaran Nijeriya a hannunsa.

Abin da ya sani ya koyar. Kai ma in ka iya karatu, koya wa maƙwabcinka.