Guzurin Matafiyi: Nasiha ga Jama'ar Nasarawa

Duk wanda ya taɓa fitowa daga unguwar Nasarawa da asuba, ya tsaya bakin titin Nnamdi Azikiwe yana jiran abin hawan da zai kai shi tasha, ko ta Kawo ce, ko ta Mando, ko ta Television, lalle ya ga irin matafiyin da nake nufi: mutum ɗaya tal, ga akwati, ga bakko biyu, ga ƙunshi a ka, alhali kwana uku kacal zai yi a Kano. Kafin ya zauna cikin mota ya riga ya biya haƙƙin kayan nan sau uku, domin mai Keke zai ce sai dai shata, ɗan dako zai karɓi nasa, ɗan kamasho kuma ya yanka masa kuɗin kaya, a zamanin da kuɗin mota kansa ya zama abin tsoro tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023.

Magabatanmu, waɗanda suka riƙa zuwa Makka a ƙafa ta Barno da Wadai da Darfur har su kai Sawakin a bakin Bahar Maliya, suna shafe shekaru a hanya, ba su ɗauki abin da ya wuce buzu da buta da sanda da ɗan gari ba, saboda sun fahimci cewa mafificin guzuri, bayan taƙawa, shi ne sana'ar hannu da sanin hanya, waɗanda ba su da nauyi, ɓarawo kuma ba ya iya sace su.

Saboda haka, ya kai ɗan'uwa, idan ka ƙudura niyyar tafiya, sai ka fara da tambaya kafin ɗaurin kaya. Ka san kuɗin mota zuwa da dawowa, ka san masaukinka, ka kuma guji jajibirin Salla in ba lalura ba, domin lokacin ne kuɗin kujera kan yi tashin gwauron zabo. In Abuja ka nufa ta jirgin ƙasan da ke tashi daga Rigasa zuwa Idu tun 2016, ka sayi tikiti da wuri da sunanka, kada ka faɗa hannun 'yan bayan fage. Tufafi kala biyu ko uku, da sabulu, da maganin da ka saba sha, da katin shaida, da cajar waya, da gorar ruwa, da ɗan dabino ko ƙuli-ƙuli, sun wadatar, kuma jaka ɗaya da za ka ɗora bisa cinyarka za ta ɗauke su duka. Kuɗinka kuwa ka raba shi gida biyu, wani a aljihu, wani a banki, domin wanda ya ga ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, ya kuma san yadda tura kuɗi ta waya kan maƙale, ba zai dogara ga hanya ɗaya ba.

Amma tsimi yana da iyaka. Motar bakin hanya, wadda ba ta tasha ba, ko da ta fi araha, ba wanda ya rubuta sunanka, ba wanda ya san direbanta. Tafiyar dare kuwa, a kan hanyoyin da suka sha fama da masu garkuwa da mutane, ganganci ce ba tawakkali ba. Ka shiga tasha, ka rubuta sunanka da lambar wani naka, ka sanar da iyalinka motar da ka hau.

Saura batun tsaraba, wadda ita ce ke karya yawancinmu, domin sau da yawa kunyar idon mutane ce ke sa a ciwo bashi a cika buhu, ba zumunci ba. Shari'ar da ta sauƙaƙa wa matafiyi, ta mayar masa da salla mai raka'a huɗu zuwa biyu, ta kuma yi masa rangwamen azumi, ba za ta so ya ɗora wa kansa abin da Ubangijinsa bai ɗora masa ba. Mahaifiyar da ke jiranka a ƙauye fuskarka take marmarin gani, goro kaɗan da turare sun ishe ta murna. Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya.