Kalmar "Cloudy" Da Asalinta

Ran nan ina koyarwa, hazo ya rufe gari, na ce wa yara su rubuta mini da Turanci yadda sama ta ke. Kusan dukansu suka sa cloudy. Na soke, amma da wani yaro ya tambaye ni dalili sai na kasa gamsar da shi. Don haka na koma na bincika, ga kuwa abin da na samo, ko ya amfani 'yan'uwana masu shirin shiga aji.

Cloudy sifa ce. An samo ta daga cloud, watau girgije, aka ƙara mata harafin y, kamar yadda rain ke zama rainy.

Asalinta shi ne abin mamaki. Cikin Ingilishi na dā, wanda a ke yi tun kafin Normawa su ci Ingila a 1066, clud ba girgije ba ne, tulin dutse ne ko tudu, cludig kuwa wuri mai duwatsu. Girgije a lokacin wolcen su ke ce masa. Sai wajen shekara ta 1300 sunan dutse ya koma kan girgije. Duk wanda ya taɓa ganin hadari ya haɗo gabas, ya yi tsiri-tsiri kamar duwatsun da aka ɗora wa juna, ba ya bukatar a gaya masa dalili. Har ma sky, da su ke kiran sama yanzu, aro ce daga mutanen arewacin Turai, can kuwa ma'anarta girgije.

To, yaya a ke aiki da ita? In gizagizai sun yawaita a sama, cloudy ke nan. In gari ya yi lumshi, ba a ganin shuɗin sama ko kaɗan, overcast ta fi dacewa. Masu awon yanayi su kan raba sama kashi 8, ba su faɗinta sai duk takwas sun rufe. A kan ce wa ruwa ma cloudy in ya gurɓace, kamar na rijiyar da aka daɗe ana ja. Ku lura kuma, Bature ya kan faɗi kalman nan da ɓacin rai, don rana ya ke marmari, alhali mu in hadari ya haɗu murna manomi ke yi.

Amma hazo ƙura ce da iska ke kwasowa daga Sahara, ba ruwa cikinsa, girgije kuwa ɗigon ruwa ne. Abin da ya kamata yaran nan su rubuta shi ne hazy.