Gandhara: Inda Girkawa suka ba Buda fuska

Wanda duk ya shiga gidan tarihi na Peshawar a Pakistan zai tarar da sassaƙen Buda jere reras, da gashi mai lanƙwasa, da dogon hanci, da mayafi mai ninki-ninki irin na dattawan Rum. To, mutumin da ya yi rayuwarsa a arewacin Indiya, me ya haɗa shi da suturar Rumawa?

Amsar tana Gandhara, tsohon yankin da ya ƙunshi kwarin Peshawar da Swat da gabashin Afghanistan. Sarki Iskandar na Makidoniya ya iso nan da rundunarsa wajen shekara ta 327 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Shi dai bai daɗe ba, amma Girkawa sun zauna, sun kafa garuruwa, har wani sarkinsu, Menander, ya shahara a littattafan mabiya Buda.

Da farko mabiyan ba sa sassaƙa siffar malaminsu. Sai dai su zana sawun ƙafarsa, ko kujera babu kowa a kai, ko bishiyar da ya zauna a gindinta. A wajen ƙarni na 1 bayan Annabi Isa ne, zamanin daular Kushan, masassaƙan Gandhara da na Mathura suka fara ba shi jikin mutum. Na Gandhara sun yi aiki da wani dutse mai ruwan toka, suka ari salon Girkawa da na Rumawa, waɗanda fatauci ya haɗa su da yankin. Har mai tsaron Buda, Vajrapani, sukan fito da shi da gemu da ƙirar Herakles, gwarzon tatsuniyoyin Girka. A wani kuɗin zinariya na Sarki Kanishka ma, da haruffan Girkanci aka rubuta sunan Buda.

Yau Musulmi ne mazauna wannan ƙasa, kuma su ke gadin kayan a Peshawar da Lahore da Taxila. Sai dai ba ko'ina suka tsira ba. A watan Maris na 2001 'yan Taliban sun tarwatsa manyan sassaƙen Bamiyan guda biyu, babban mai tsawon mita 55, duk da roƙon da ƙasashen Musulmi da dama suka yi. Masu roƙon ba bauta suke karewa ba, shaidar tarihi suke son a bar wa na baya. Yanzu in ka je Bamiyan, ramuka biyu kawai za ka gani a jikin dutsen.