Barci Ɓarawo Ne: Nasiha Ga Direbobin Dare Na Ƙasar Kabi

Kowa ya san fadamar Gulbin Rima ya san Augie, garin shinkafa da albasa da kifi, arewa da Argungu. Tun da aka buɗe shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi cikin watan Nuwamba 2015, aka kuma kafa babban injin gyaran shinkafa a Argungu cikin 2017, sai kaya suka yawaita, manyan motoci suka yawaita tare da su. Abin da aka noma a fadama kuwa ba ya isa bakin mai ci sai wani bawan Allah ya kwana zaune a kan sitiyari.

Ga yadda aikin yake. Direba ya tashi da asuba, ya yini tsaye yana lura da lodi, yana ja-in-ja da 'yan kamasho. Sai rana ta yi sanyi sa'an nan ya kama hanya, gama zafin kwalta da tsakar rana yana cin taya, yana wahalar da inji, kuma albasa da dabbobi ba su son jira. In Ikko ya nufa, sai ya bi ta Argungu, da Birnin Kebbi, da Kalgo, da Jega, da Koko, da Yawuri, da Kwantagora, ya haye gadar Jebba, kana Ilori da Badun. Tafiyar ta haura kilomita 800.

To, mai karatu ya yi lissafi. Wanda ya farka da ƙarfe 5 na asuba, in ƙarfe 10 na dare ya yi, ya cika awa 17 bai runtsa ba, alhali tafiya ko rabi ba ta yi ba. Masu bincike a ƙasar Ostareliya sun gwada wannan cikin 1997, suka tarar mai awa 17 a farke hankalinsa da hannunsa kan yi nauyi kamar na wanda ya sha barasa har haddin da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi. Sa'an nan jikin ɗan Adam yana da lokacin da ya fi neman kwanciya, wato daga wajen ƙarfe 2 na dare zuwa fitowar alfijir. A nan ne gyangyaɗi ke shigowa ba sallama. Ido kan rufe na daƙiƙa 3 ko 4, mai shi bai ma san ya rufe ba. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Ke nan cikin daƙiƙa 4 ta yi kusan mita 90 ba mai jan ta, da buhuna ɗaruruwa a bayanta, da yaron mota kwance bisa kaya, da mai amalanke ko ɗan babur a gabanta.

Kada wani ya ce shi namiji ne, barci ba ya kada shi. Malaman hadisi sun ruwaito cewa a kan hanyar komowa daga Haibara, shekara ta 7 bayan Hijira, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi tafiyar dare da sahabbansa, da suka sauka sai aka sa Bilalu ya yi tsaron alfijir. Ya yi ta nafila gwargwadon iko, da asuba ta kusa ya jingina da raƙuminsa, barci ya sace shi, ba wanda ya farka sai da rana ta taɓa su. In barci ya rinjayi Bilalu a bakin aikin da aka ba shi amana, ina ga direban da ya yini yana lodi?

Barci ba ya zuwa sai ya aiko manzanninsa. Hamma a kai a kai, nauyin fatar ido, wuya yana saki, mota tana karkata gefen hanya, ko mutum ya ga ya wuce wani ƙauye bai tuna da shigarsa ba. Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, lokacin tsayawa ya yi. Buɗe taga, da wanke fuska, da ƙure rediyo, duk ba su kore barci sai na ɗan lokaci kaɗan.

Goro da shayi da kofi suna da amfani, amma da sharaɗi. Ƙarfinsu ba ya kama jiki sai bayan minti 20 zuwa 30. Saboda haka dabara ita ce a tsaya, a sha shayin ko a ci goron, a kishingiɗa minti 15 ko 20, yaron mota ya tashe shi, a taka ƙasa kaɗan kafin a koma. Wannan rance ne aka ci, ba biyan bashi ba. Bashin barci ba a biyansa sai da barci, awa 7 ko 8 cikin kowane kwana. Ƙwayoyi irin su tiramadol kuwa, waɗanda hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi take kama masu sayar da su ba bisa ƙa'ida ba, suna ɓoye gajiya ne su bar ta a jiki, su ƙara da gurɓata hankali. Haka kuma a kiyayi maganin mura mai sa barci, da cika ciki da tuwon shinkafa dab da tashi.

Fataken da suka riƙa bi ta Jega da Yawuri zuwa Gwanja neman goro ba su da inji, amma suna da tsari. Madugu ya san zangonsa tun kafin ayari ya ɗaura kaya. Direban yau ma ya kamata ya yanke wuraren tsayawarsa tun daga Augie, inda akwai jama'a da haske da mai shayi, don tsayawa cikin daji tana da nata hatsari na 'yan fashi. In ya tsaya kuma ya kauce daga kan kwalta sarai, ya sa alama, gama babbar mota da aka bari kan hanya cikin duhu tarko ce ga na baya. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ce: direban babbar mota in ya yi awa 4 da rabi yana tuƙi, sai ya huta minti 45.

Saura magana ga masu motoci da masu kaya. Wanda ya ce wa direbansa lalle gobe da hantsi kaya su kasance kasuwa, ya kuwa san hanyar ba ta yiwuwa sai an ƙi barci, to yana da kaso cikin abin da ya auku. Doguwar tafiya ta direba biyu ce, ɗaya na ja ɗaya na hutawa, kuma ladan na biyun bai kai kuɗin taya ɗaya ba, balle ran mutum. Shinkafar da ta makara da kwana guda tana nan shinkafa. Tafiya sannu sannu, kwana nesa.

Allah Ya kai kowane matafiyi gidansa lafiya, Ya tarar da iyalinsa lafiya, amin.